Jifa na Shida

Wana Manzo ya dawo daga Gwalkwas da akwatin ƙarfe ɗaya, da tari, da wani katako. Shekara goma sha tara ya yi can. Kada wani ya yi muku ƙarya cewa kewarmu ce ta dawo da shi. Hukumar ƙasar ce ta tashi rana ɗaya ta ce duk baƙo ya tattara nasa ya nasa ya ba ta wuri, aka loda su a manyan motoci. Da ya sauka a tashar Filinge, ko hanyar ƙauyenmu sai da ya tambaya.

Mu uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya: shi ne babba, sai ni Muna, sai autanmu Alu. Babanmu ya rasu shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu. Ni da Alu muka yi jinyarsa, Alu ya sa shi a kabari. Manzo takarda ya aiko, ita ma sai bayan wata huɗu, da wani rubutu da ko malamin lakwal, wato makarantar boko, bai iya karantawa ba. Ban manta ba, kuma ban yi niyyar mantawa ba.

Katakon nan kuwa, faɗinsa ya ɗan ɗara tafin hannu, tsawonsa daga ƙasa zuwa ƙugu, mariƙinsa naɗe da baƙar roba. Matan unguwa suka raɗa masa suna muciyar Nasara. Duk Juma'a sai Manzo ya zauna ya shafe shi da man gyaɗa, a lokacin da mu muke neman na miya. Ya ce na wani wasa ne da ake kira kurket: mutum ɗaya ya tsaya da katakon yana gadin wasu 'yan sanduna da aka kafa a bayansa, wani ya jefo ƙwallo mai tauri don ya kayar da sandunan, mai katako ya tare. Aikin da ya yi can, a filin wasan Turawan wani kamfanin zinariya gaba da Kumasi, shi ne ban ruwa ga ciyawar da babu dabbar da za ta ci. Daga ban ruwa aka fara sa shi jifa in Turawa na gwaji, daga jifa aka ba shi katako ran da mutum bai cika ba, har ya zamana ana nemansa. Yana ba da labarin nan kamar wanda ya ci yaƙi. Ni dai abin da na fahimta, ƙato ne ya shekara goma sha tara yana gadin tsinke.

Gadon da babanmu ya bari rijiya ce a cikin kwarin da muke kira dallol, da 'yar gona kewaye da ita. Alu ne ya ƙara mata zurfin gaba uku da hannunsa, ya ɗaure bakinta da itacen gawo, yana shayar da shanunsa talatin da ɗaya. Da Manzo ya dawo, sai ya yi shinge gefen rijiyar ya shuka albasa da tumatir da ganyen salati, yana kai wa ma'aikata a Filinge. Shekara uku aka yi haka, ana harara amma ana gaisawa, don ruwan yana isar kowa.

Sai shekarar nan ta zo, ta goma sha uku bayan 'yancin kai. Ruwa ya sauka sau biyu, gero ya fito kamar gashin jariri, ya bushe a tsaye. Kafin tsakiyar rani muna dakan goruba muna jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci don mu ci, mutanen Sanam da na arewa da su suna wucewa ta ƙauyenmu da jakuna babu kaya. Shanun Alu suka koma tara. Rijiya ta ja baya, ta zama sai abin da ta tara kafin safiya, guga arba'in in an yi sa'a. Da hantsi ya ɗaga sai laka. Guga arba'in za su riƙe shanu tara, ko su riƙe lambu. Ba za su riƙe duka biyun ba.

Ƙanen babanmu, Baffa Magagi, ya raba musu: yau na wannan, gobe na wancan. Rabon bai yi wa kowa rana ba. Saniyar da haƙarƙarinta ke ƙirguwa ba ta jure ƙishin yini biyu, albasa ma haka. Kowace safiya sai an yi cacar baki a bakin rijiya, ni kuma ban taɓa ɓoye ɓangarena ba. Nonon shanun nan na sha, shi na ba 'ya'yana bayan mutuwar ubansu. Albasar Manzo ko ɗaya ba ta taɓa shiga tukunyata ba sai wadda ta fara ruɓa.

Ranar wata Alhamis abin ya kai maƙura. Ranar Manzo ce, amma Alu ya koro shanun, don wata jar saniya ta kasa tashi da daddare sai da aka ɗaga ta. Manzo ya taka igiyar guga da ƙafa.

"Ɗauke ƙahwakka," in ji Alu.

"Yau ranata ta. Kuma ni na babba, ko ka mance?"

"Babba? Ina kake sanda anka gina ta? Mi ka iya ban da shahwa ma katako mai?"

Na ga hannun Alu ya tafi wajen wuƙar da ke damtsensa. Baffa Magagi ma ya gani, ya shiga tsakani yana salati. Manzo kuwa dariya ya yi, irin dariyar nan tasa ta hanci da ke sa mutum ya ji kamar ya mare shi.

"Ana ta hwaɗin hannunka, wai kana kaɓo kurciya daga kan gawo. To katakon ga da kake rainawa ya hi hannunka. A kahwa turmi, a ɗora ƙoƙo bisa. In tsaya gabanai. Ka jeho goruba shidda. In ƙoƙon ya hwaɗi sau guda, ko da ni nit taɓa shi da kaina, ruwan sahe naka na har damina. In bai hwaɗi ba, nawa na."

Alu bai ko yi shawara ba ya ce ya yarda. Ai dole ya yarda. Tun yana yaro babu wanda ya kama ƙafarsa a jifa daga nan har Tabla. Baffa ya ce wannan caca ce, bai kamata 'ya'yan Musulmi su yi ba. Ya sake duban wuƙar, sannan ya ce ya gaji, goruba ta fi masa ƙarfe sauƙi. Manzo ya nemi a ba shi kwana takwas, wai hannunsa ya kwana biyu bai riƙe katako ba.

Ƙarya yake yi. A kwana takwas ɗin nan ko sau ɗaya ban ga ya ɗaga katakon ba. Da ya gama da lambu sai ya hau tudun yashi ya zauna, yana kallon Alu yana kiwo a ƙasa. Makiyayi yini yake yi yana jifa: saniya ta nufi inda ba a so, sai ya jefa dutse ko ɓawon goruba ya faɗi gefenta, ta juyo. Ba ita ake jifa ba, gefenta ake jifa. Manzo ya zauna yana kallon wannan tun hantsi har la'asar, ko gajiya ba ya yi.

Da yake ba shi da mata, ni ke kai masa abin da aka samu. Rana ta biyar na dangwarar masa da ƙwarya na ce, "Kallon mi kake yi haka, awa maye?"

Maimakon ya ji haushi sai ya gyara zama. Shekara uku ke nan yana neman wanda zai tambaye shi.

"Muna, ƙwallon ga in ƙwararre ya jeho shi, kahin ido ya gaya ma hannu ya riga ya wuce. Wanda duk ka jiran ya ga ƙwallo, an kashe shi. Sai ka tashi tun bai bar hannu ba."

"Duba kake yi ke nan."

"Ba duba ba ta. Kahwaɗa kake kallo, da inda yad dasa ƙahwa, da yadda wuyan hannu ka juyawa. Sabon shiga ƙwallo yake kallo, gwani mutum yake kallo. Kuma ko jikin bai gaya maka komi ba, akwai abin da ka kewaye da shi. Ina yat tsaida mutanenai? Jihwa nawa ya rage mai? Ya hasala ko bai hasala ba? Wani Bature da ni sani, in ya matsa da mutum guda hagu, to na san abin da za ya jeho kahin shi kanai ya gama shawara."

Na kwashe wannan duka, ko ƙwaryar ban tsaya ɗauka ba, na kai wa Alu. Na ce masa kafaɗarsa ake karantawa, da wuyan hannu, da ƙafa. Muka buɗe akwatin babanmu muka fito da babbar rigarsa ta saƙi, wadda ba a taɓa sawa ba tun rasuwarsa. Alu ya zura ta, ta sauka har idon sawu, hannunsa ya ɓace cikin faɗin rigar. Ya gwada jifa ta gefe daga cikinta sau uku, sau uku yana samun kututturen da ya nufa. Na ji daɗi har cikin raina, na ce to gwani, sai ka karanta saƙi.

Ranar Juma'a da hantsi aka taru a fili kusa da rijiya. Yunwa ba ta hana mutane son kallo ba. Har waɗanda ba sa iya tsayuwa sun zo sun zauna. Turmina aka ɗauko, don haka na ce ni zan tsaya bayansa in tsince goruba, kada wani ya fasa mini shi a ce tsautsayi. Manzo ya auna taki ashirin da biyu, ya ja layi da ƙafa ya ce daga nan Alu zai yi jifa. Ya zaɓi gefen da rana take bayansa, tana dukan idon mai jifa. Ni da nake bayansa, inuwata ta miƙe gaba ta kwanta kusa da ƙafafunsa. Baffa Magagi ya zaɓi busassun goruba shida, irin waɗanda ko guduma sai ta yi da gaske, ya ɗora ƙoƙo kan turmi.

Da Alu ya fito cikin rigar babanmu, na ga bayan wuyan Manzo ya ƙage. Ya juyo ya dube ni.

"Ke ta," ya ce.

"Ni ta," na ce.

Ya juya ya fuskanci Alu. Ya ɗan durƙusa, ya buga bakin katakon a yashi sau biyu.

Alu ya yi fito ya saki ta farko. Wallahi ban ga gorubar ba. Ƙara kawai na ji, ƙwas, sai ga ta can tana birgima wajen shingen lambu. Ta biyu ya ce "Hai!" ya sako ta ƙasa ƙasa ta ɗaya gefen. Manzo ya riga ya kai katakon wurin, kamar an aiko masa da saƙo tun jiya. Mutane suka fara guna-guni. Ta uku Alu ya yi kamar zai jefa ya fasa, ya sake yi ya fasa, sannan ya yi fito ya saki. Manzo bai motsa a na ƙaryar ba ko kaɗan, a ta gaskiyar ya sa katako ya kashe ta a gabansa, ta faɗi kusa da yatsunsa. Ya sa ƙafa ya tura mini ita baya, ko waiwaye babu.

Gumi ya fara keto wa Alu. Babbar riga ba kayan jifa ba ce, ga rana a ido, ga ciki babu komai tun jiya sai ruwan anza. Shanunsa tara suna tsaye can bayan taro, sun ji ƙanshin rijiya suna ta miƙa wuya. Ta huɗu ya sa duk ƙarfinsa, ya ce "Hai!" har muryarsa ta fashe. Wannan karon Manzo bai tare ba, dukanta ya yi. Gorubar ta tashi sama ta wuce kan mutane, ta faɗa cikin garken, jar saniyar nan ta firgita ta durƙushe. Wasu suka yi dariya. Ta biyar ma haka, fito, ƙwas, ta tafi.

Da Manzo ya yi shiru a nan, da labarin nan ba haka ya ƙare ba. Amma wana bai taɓa iya cin nasara bakinsa rufe ba. Ya miƙe, ya dogara da katakon, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Autan Inna, kun ɓoye kahwaɗa, kun mance baki. Kwana takwas ina saurarenka. In za ka jehi daman saniya, hito kake yi. In hagunta na, sai ka ce hai. Ko kai ba ka sani ba, ko? Shekara ashirin kana gaya ma shanu inda dutse za ya hwaɗi, yau ka gaya mani sau biyat. Tuɓe rigar tsohon ga, ba ta yi maka ba."

Filin ya ɗauki dariya. Mutanen da ba su ci abinci ba kwana biyu suna dariya har da riƙe ciki, suna kwaikwayon fiton. Wani ya ce "Hai!" daga baya, aka sake fashewa. Na dubi Alu. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya sunkuya ya ɗauki goruba ta shida, ya juya ta a tafin hannu.

Bai yi fito ba, bai ce hai ba. Kowa a filin ya ɗauka don an tona masa asiri ne ya kama bakinsa. Ni kaɗai na san ba haka ba ne, don na ga ya ciji leɓensa na ƙasa. Sau biyu na taɓa ganin Alu ya yi jifa shiru da leɓe a haƙori. Na farko dila ce da ta kama ɗan maraƙi, na biyu mahaukacin kare da ya shigo gidanmu. Duka biyun a ka ya same su, duka biyun ba su tashi ba. Alu in yana so dabba ta juya, magana yake yi mata. In ya yi shiru, ba juyawa yake so ta yi ba. Manzo kwana takwas ya yi yana kallon kiwo. Bai ga dila ba, bai ga kare ba, lokacin yana can yana ban ruwan ciyawa.

Ina tsaye daidai bayan kan Manzo. In ta kuskure shi, ni za ta samu. Na matsa taki biyu zuwa hagu.

Akwai lokacin da zan yi magana. Ba zan ce babu ba. Kalma ɗaya ta isa, ko sunansa kawai. Na buɗe baki, sai idona ya faɗa kan jar saniyar da ke ƙoƙarin tashi ta kasa, dariyar hancin nan ta dawo mini a kunne, na rufe bakina.

Manzo ya sunkuya ƙasa sosai, ya kai katakon gefen hagu yana rufe gindin turmi. Gorubar ta zo sama. Ƙarar ba irin ta katako ba ce. Ya yi baya, ya faɗa kan turmin, turmi ya kife, ƙoƙon ya gangara ya tsaya a ƙafata.

Babu wanda ya yi dariya. Baffa Magagi ne ya fara isa, ya ɗago kansa, jini na bin yatsunsa. Alu yana tsaye a kan layinsa cikin rigar babanmu, bai matso ba. Manzo da ido ɗaya a buɗe ya lalubi ƙasa, ya ce, "Ƙoƙon?" Baffa ya ce ya rabu da ƙoƙo. Ya ce a'a, a gaya masa. Aka ce ya faɗi.

"To ruwa nashi na. Ni nic ce ko da ni nit taɓa shi."

A kan jaki aka kai shi asibitin Filinge. Baffa ya gaya wa likita ƙahon saniya ne, don kada jandarma su shigo cikin maganar, duk ƙauyen kuma suka tsaya a kan ƙahon saniya. Kwana goma sha biyu ya yi can. Ya dawo da tsumma a fuska, idon dama ya tafi.

Alu ya samu ruwan safe. Lambun ya bushe cikin mako guda, awaki suka cinye shingen. Shanun kuwa ruwa suka samu, ba ciyawa ba, ruwa kuma ba ya riƙe dabbar da babu komai a cikinta. Jar saniyar ce ta fara tafiya, sauran suka bi ta ɗaya ɗaya. Kafin hadarin farko ya haɗu saura biyu. Alu ya kora su kudu wajen Bonkuku, ya ce zai dawo in ƙasa ta yi kore. Rigar babanmu ya bar mini a ninke kan gado. Tsakaninsa da Manzo ko sallama ba a yi ba.

Ni na ci gaba da kai wa Manzo abinci, don babu mai kai masa. Ina ajiyewa in juya, shi ma ba ya cewa komai. Na sa a raina bai sani ba. Ta ina zai sani? Bayansa nake, kuma duk wanda ke filin Alu yake kallo.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na same shi a inuwar zaure, katakon a kan cinyarsa, yana goge shi da busasshen tsumma don man ya ƙare. Na ajiye ƙwarya zan tafi, ya ce, "Muna, zamna." Na ce ina da aiki. Ya ce ba zai daɗe ba. Na tsaya a tsaye.

"Kin san ta shidda ɗin ga, kullum sai na sake buga ta cikin kaina. Babu kahwaɗa, kun ruhe ta. Babu baki, ni na ruhe shi da wautata. To mi ya rage? Sai mutanen da ka kewaye. Na gaya miki, in jiki bai yi magana ba, dibi inda mutanenai sunka tsaya."

Na ce ban gane ba.

"Inuwarki tana nan gaban ƙahwata tun jihwar hwarko. Sau biyat ba ta motsa ba. Ta shidda, kahin ya saki, ta matsa hagu taki biyu."

Na dafa bangon zaure.

"Sai nic ce, Muna ta san hannun yaron ga, ta hi ni saninai. Tunda ta matsa, ta ga wani abu. Abu biyu na: ko ta matsa ta tsinci goruba don hagu za ta bi, ko ta kauce don sama za ta zo, wajen kaina. Duk wanga cikin ƙibtawar ido na, amma na auna shi sarai. Nic ce in kaina na, ai da ta yi magana. Ƙanwata ta. Ko tana ƙina, da ta kira sunana. Tunda ta matsa shiru, hagu na. Shi ya sa nis sunkuya."

Ya juya katakon, ya ci gaba da gugar ɗaya fuskar.

"Shekara goma sha ɗaya ina tsayawa gaban Turawa da Asantawa masu jihwa awa harsashi, ba wanda yat taɓa samun kaina. Karatun bai ɓace mani ba, Muna. Inuwar daidai ta gaya mani. Ke ta ban karanta daidai ba."

Na so in ce shanun, na so in ce takardar da ta zo bayan wata huɗu, na so in ce dariyarsa. Duk suna nan a bakina, shekara da shekaru ina tara su don rana irin wannan. Ko ɗaya ba ta fito ba.

Ya jawo ƙwaryar, ya buɗe faifan, ya karkata kai don ya duba da idon da ya rage.

"Gobe in za ki kawo," ya ce, "ki biyo ta hagu, inda nike gani."